Ranar da Aka Wanke Wayar Deeni

Ƙanena Zaharadeen, wanda duk kasuwa ke kira Deeni, irin mutanen nan ne da idan abu ya shiga kansu sai dai a bi su da addu'a. Shago ɗaya muke da shi a bakin kasuwar Kazaure, wanda mahaifiyarmu ta bar mana. Ni nake riƙe da ɓangaren kayan masarufi, shi kuma yana bakin ƙofa da na'urar POS da benci da babbar wayarsa. Tawa wayar ƙarama ce mai tocila, kira kawai take yi, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba.

Da farkon daminar bana ya tsiro da cewa wayarsa tana saurarensa. Wai sun yi hirar basir da wani abokinsa, wayar tana aljihu, kafin la'asar tallan maganin basir ya cika masa ita. Na ce, "To ai taimakonka ta yi, sai ka gode mata." Bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya zauna ya yi mini lacca, ni ina auna wa mutane sukari. Kamfanonin da suka ƙera manhajar wayar, in ji shi, sun san inda yake kwana, sun san wanda yake kira, sun san abin da ya saya da inda ya saya. Akwai kuma wata manhaja daban da wasu suka yi, wadda idan aka ɗora wa waya sai ta toshe duk waɗannan kunnuwa. Sai dai kafin a ɗora ta dole a wanke wayar tas, duk abin da ke ciki ya tafi, kamar a tuntsurar da randa a ɗauraye.

"Kai wane ne da Turawa za su zauna suna sauraronka?" na ce masa. "Ko ni da muke ciki ɗaya ba kullum nake iyawa ba."

"Yaya Bahijja, ba za ki gane ba."

Wannan maganar ce amsarsa ga komai tun da ya dawo daga karatu a Kano.

Abu ɗaya ne ya hana shi wanke wayar tun a ranar. Deeni yana da wata gadara da yake yi da ita. Idan ya je babban kantin magani ko gidan man da ke kan titin Kano, ba ya fito da kuɗi, ba ya zura kati. Wayar kawai yake karawa a jikin na'urarsu, ta yi ɗan ƙara, shi ke nan ya biya. 'Yan acaɓa har tsayawa suke yi su kalla. To ya binciko cewa sabuwar manhajar ba ta yarda da wannan ba, idan ya koma kanta sai dai ya haƙura da karawar. Wannan abu ya hana shi sukuni makonni. Ya yi karance-karance, ya kira wannan, ya kira wancan, ya je banki ya dawo ya sake komawa. A ƙarshe aka ba shi wani kati da shi ma ake karawa, ya cusa shi a bayan rigar wayar yadda mai kallo zai ɗauka wayar ce ta biya. Ranar da ya gwada ya ga ya yi, har lemo ya saya mini. Ya ce yanzu babu abin da zai rasa.

Bari in ajiye Deeni in yi maganar Inno, domin dominta nake wannan rubutun.

Inno Bafulatana ce daga wata ruga ta bayan Gwiwa. Tun mahaifiyarmu tana da rai take kawo mana nono da man shanu duk ranar kasuwa, kuma a inuwar shagonmu take sauke ƙwaryarta ta yi ciniki. Ɗanta na fari sunansa Hamma, sa'an Deeni ne, tare suka yi wasan ƙasa a ƙofar shagon nan. Da shanun gidansu suka ƙare, wasu ciwo ya kwashe, wasu aka sayar aka ci, sai Hamma ya bi 'yan uwansa matasa ta Nijar ya haura Libiya neman aiki. A rugarsu babu mai babbar waya, saboda haka wayar Deeni yake turo wa saƙon murya. Da farko yakan turo jefi-jefi, Deeni ya saurara ya isar ya goge. Daga baya aka ji shiru. Yau shekara uku ke nan ko fiye, lambarsa ba ta shiga, waɗanda suka tafi tare sun ce sun rabu da shi a wani gari da ni ko sunansa ban iya faɗa ba. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce yana raye. Saƙonsa na ƙarshe shi kaɗai ya rage a wayar.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inno ta fi ta kowa. Ba ta taɓa kiran sunan Hamma ba. Sauran 'ya'yanta ta kira su, ta zage su, ta yaba su a gaban kowa. Shi kuwa "wancan ɗin" ne, ko "abokin Deeni". An ce ranar da zai tafi, da ya zo sallama, tulu ta ɗauka ta nufi rijiya. Idan mutane suka jajanta mata, cewa take yi, "Ai nasu ne, su suka san inda suka aike shi," ta ci gaba da damu.

Ni mace ce, na haifa, na san abin da ke ƙarƙashin irin wannan magana. Shi ya sa na ƙirƙiro mana wata dabara. Duk ranar kasuwa, idan ciniki ya ɗan lafa, sai in ɗaga murya in ce, "Deeni, wai me abokin nan naka ya ce game da sanyin ƙasar can? Na manta. Kunna mana mu ji." Deeni ya yi tsaki ya kunna. Inno ta juya mana baya, ta sunkuya kan ƙwaryarta kamar mai neman ƙuda a cikin nono. Muryar Hamma ta cika shagon, yana gaisuwa, yana ba da labarin sanyi da aikin gini, yana dariyar nan tasa mai ɗan tari a ƙarshe. Ludayin Inno ya tsaya cak har sai saƙon ya ƙare. Daga nan ta miƙe ta ce, "Ku dai ba ku gajiya da surutu," ta zuba mini nono fiye da na kuɗina. Haka muka yi ta yi, ba ta taɓa roƙo ba, ban taɓa fashi ba.

Sai aka yi haihuwa a gidan ƙanwar mijina a Babura, na tafi zaman suna. Ranar kasuwa ta faɗo ba na nan. Abin da ya faru a bayana, Deeni da bakinsa ya faɗa mini, masu zaman benci kuma suka cike mini sauran.

Ya riga ya shirya da Wisdom, mai gyaran waya na layin bayanmu, cewa washegari za su yi aikin. Wisdom a Kazaure aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ba shi da laifi a wannan magana ko kaɗan. Shi ne ma ya ce wa Deeni ya kwashe duk abin da yake so kafin a fara, domin idan aka danna babu dawowa. Deeni ya kwashe. Lambobin abokan ciniki, abubuwan banki, hotunan bikinsa, har hotunan wasu takalma da yake sha'awa. Saƙon Hamma yana can ƙasa, dubban saƙonnin masu turo shaidar biya sun danne shi. Ya dai tuna da shi, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Da Inno ta zo, benci cike da maza, har da wasu dattawan Gwiwa da suka san mijinta, sai ya ɗaga murya daga inda yake zaune.

"Inno, gobe zan wanke wayar nan, duk abin da ke ciki zai tafi. Akwai abin da kike so a ajiye miki?"

"Ni? Me na ajiye a wayarka, ɗan nan? Ni da ko kunna ta ban iya ba."

"Saƙon Hamma fa?"

"Abokinka ne, kai ka san shi," ta ce, ta juya ta kira wani mai wucewa ko zai sha fura.

Shi ke nan. Ɗan da aka haifa a Kazaure, ya sha nonon rugar nan tun yana rarrafe, ya ji wannan amsa ya ce an ba shi izini. Washegari suka zauna shi da Wisdom da kwamfuta da igiya, kafin azahar an gama.

Na dawo daga Babura a gajiye, motar ta jijjiga ni, ƙafata ta kumbura. Ko mayafi ban cire ba Deeni ya tare ni da wayar. Fuskarta ta koma baƙa, babu tarkacen nan masu launi. Yana ta nuna mini: nan ake rufe mata kunne, nan ake rufe mata ido, wannan manhajar ba ta isa ta ga lambobinsa ba sai ya yarda. Ya ce har ya je kantin magani ya kara, katin ya yi aiki, yarinyar kantin ba ta ma gane an canza komai ba. Rabon da in gan shi cikin irin wannan farin ciki tun ranar aurensa.

"Madalla," na ce. "Saƙon Hamma yana ina?"

Ya sosa ƙeya. "Ai na tambaye ta."

"Ka tambayi wa?"

"Inno. Ta ce ba ta da komai a ciki."

Na zauna a kan buhun shinkafa. Na ce ya maimaita mini yadda suka yi, kalma da kalma, ya maimaita. Na tambaye shi su wa ke wurin, ya lissafo. Daga nan ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba, har masu shagon kusa suka leƙo.

"A gaban maza ka tambaye ta? A gaban mutanen garinsu? Me kake so ta ce, Deeni? Ta ce eh, ka ajiye mini muryar ɗana na fari, ina mutuwar sonsa? Mamanmu ta taɓa kiran sunan Yaya Auwalu a gabanka har ta koma ga Allah?"

"To ni ya zan yi? Mutum ya ce ba ya so, sai in ce yana so?"

"Duk ranar kasuwa kana kunnawa. Ka ɗauka ni ce ban san ana sanyi a Libiya ba?"

Ya kau da kai. Ya sani sarai. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, kuma har yau idan na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. Da jahilci ne da na yafe tun a ranar. Ya sani, amma yana sauri, amsarta kuma ta yi masa daidai, sai ya karɓe ta a yadda ta fito. Makonni ya yi yana neman yadda zai ci gaba da burge 'yan acaɓa a gidan mai, saƙon da tura shi wata wayar ba zai ɗauke shi tsawon shan kofin shayi ba kuwa ya bar shi.

Na ja shi har shagon Wisdom. Na ce a dawo da tsohuwar manhajar, ko nawa ne zan biya. Wisdom ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurare ni har na gama.

"Anti, ko an dawo da ita, wayar fanko za ta zo. Irin wannan wankin ba ya barin komai, don haka aka yi shi." Ya dubi Deeni. "Sai dai in akwai ajiyar da wayar ke turawa kamfani. Kana da ita?"

Deeni ya sunkuyar da kai. Ya kashe wannan tun da jimawa, ya kuma goge wadda ke can, saboda ba ya son kamfani ya riƙe masa sirri. Wisdom ya karɓi wayar duk da haka, ya jona ta da kwamfuta, ya yi 'yan danne-danne, ina ganin don dai kada in ce bai gwada ba. Ya miƙo ta ya ce, "Ku yi haƙuri." Deeni ya kira lambar Hamma a gabanmu, wata mata ta yi magana da Larabci, layin ya katse kamar kullum.

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ban yi wa Deeni magana ba sai ta ciniki. Na yi ta juya yadda zan faɗa wa Inno. Ta yaya za ka yi wa mutum jajen abin da bai taɓa yarda cewa nasa ba ne? Na yi tunanin in ce wayar ta lalace an kai gyara, in ja ta mako biyu ko uku. Na ga ƙaryar ba ta da inda za ta sauka.

Ranar kasuwa aka wayi gari da yayyafi. Inno ta iso da hantsi, bakin zanenta ya jiƙe, ƙafarta duk taɓo. Na taya ta sauke ƙwarya. Ta yi mini barka da dawowa, ta tambayi mai jego da jaririya, ta zauna a wurinta. Deeni ya miƙe wai zai je banki. Na ce masa a hankali, "Wallahi ka fita daga shagon nan, ni da kai har abada." Ya koma ya zauna.

Ciniki ya yi, ciniki ya lafa. Lokacin da na saba ɗaga murya ya zo ya wuce. Ina ta goge gwangwanin madarar da babu ƙura a jikinsa. Inno ta riga ta juya mana baya, ta sunkuya kan ƙwarya, tana jira. Ta dama furar da babu wanda ya saya. Ta yi gyaran murya.

"Yau shagon naku shiru."

"Shiru, Inno."

Ba ta juyo ba ta ce, "'Yar nan, wai ƙasashen Larabawan nan, yanzu sanyi suke ciki ko zafi?"

Tun da nake da ita ba ta taɓa matsowa kusa da maganar kamar haka ba. Na bar kanta na zagayo na durƙusa a gabanta, hawaye ya riga ya zubo mini.

"Inno, an wanke wayar. Saƙon ya tafi. Mun je wurin mai gyara, ya ce ba zai dawo ba."

Ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi Deeni. Ba harara ba ce, mamaki ne kawai, irin na wanda ya taka matakala ya ji babu ita. Na gane a lokacin cewa ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa zai ɗauki maganarta ta ranar nan da gaske.

"To," ta ce. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Tashi, 'yar nan, mutane na kallo."

Na tashi. Ta ci gaba da zama, wani ya zo ta sayar masa da man shanu, ta ba shi canji daidai. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Masu benci, da suka ji komai, suka koma hirar taki ƙasa-ƙasa. Da lokacin motar Gwiwa ya yi ta haɗa kayanta, na taya ta ɗora ƙwarya, ta yi sallama ta fita. Har ta kai bakin kwata sai na ga ta tsaya. Ta juyo, ta dawo, ta sauke ƙwaryar da kanta a ƙasa, ta tsaya a gaban teburin Deeni.

"Deeni, duba mini dai. Hamma. Hammana. Duba da kyau, ko ya rage ko kaɗan ne."

Wani dattijo daga cikin mutanen Gwiwa ya miƙe ya saka takalminsa ya bar wurin. Sauran suka dubi ƙasa. Deeni ya buɗe wayar, ya shiga nan ya fita, ya shiga can ya fita. Ya san babu komai, amma ya kasa dainawa, ita kuma ta sunkuyo tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa. Can ya kife wayar a kan tebur.

"Babu, Inno. Ki yafe mini." Ya ɗago ya dube ta. "Amma na haddace abin da ya ce. In faɗa miki?"

"Faɗa."

"Ya ce assalamu alaikum, Deeni, ya kasuwa. Ya ce yana gaida mutanen gida gaba ɗaya. Ya ce sanyin can ba irin namu ba ne, har ƙashi yake shiga. Ya ce sun samu aikin gini, mai gidan ba shi da faɗa. Sai ya yi dariya. Sai ya ce..." Deeni ya tsaya. "Daga nan Fulatanci ya koma, Inno. Ban iya ba."

Gaskiya ne. Duk shekarun nan muna jin wannan ɗan guntun na ƙarshe, ni da shi, babu wanda ya taɓa tambayar me ake cewa.

"Nan ne nawa," in ji Inno.

Ta sunkuya ta gyara faifan da ke kan ƙwaryar. Na kama mata muka ɗora, ta tafi tasha ba ta waiwayo ba.

Har yanzu tana zuwa ranar kasuwa. Daga bakin ƙofa take miƙo mini nonon a tsaye, mu gaisa, ta wuce can gindin darbejiyar tasha ta sauke ƙwaryarta.